Yadda Aka Gyara Tavion Pettway

A makarantarmu akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda, tsakanin banɗakin maza da inda ake ajiye tsintsiya, wanda hukuma ta raɗa wa suna Ɗakin Natsuwa. Yara kurkuku suke ce masa, kuma a ganina sun fi hukumar iya raɗin suna. Ni ne mai tsaronsa. Digiri biyu gare ni a fannin tarihi, amma ranar da aka ɗauke ni aiki ba su aka duba ba. Faɗin kafaɗata aka duba, da kaurin muryata, da launin fatata. Aka ce samarinmu baƙaƙen fata suna bukatar namiji irinsu da za su riƙa koyi da shi. Abin da suke koya a wurina shi ne zama a kujera ana kallon agogo, kuma ba yabon kai ba, na ƙware a wannan fannin.

Dokar ɗakin ba ta da wahala: ba magana, ba barci, ba waiwaye. Malamin da ya koro yaro shi ya kamata ya biyo shi da aikin aji, sai dai malamai mutane ne masu hidima da yawa, don haka nake ajiye tarin takardun wasan nemo kalmomi a aljihun tebur. Akwai samarin da suka gama makarantar nan ba su san inda kogin Alabama ya nufa ba, amma ka ɓoye musu kalma a karkace ko a juye, kafin ka rufe baki sun zaƙulo ta. Wanda ya leƙo ta tagar ƙofata zai ɗauka makarantar ba ta ɗaukar 'yan mata, ba ta ɗaukar fararen fata. Tana ɗauka. Su dai da natsuwarsu aka haife su.

Tavion Pettway ba ya cikin abokan cinikina. Shi kaɗai ne namiji baƙar fata a babban ajin lissafi, a makarantar da mu ne muka fi yawa nesa ba kusa ba. Wannan ajin kuwa ba ado ba ne. Wanda ya kai ƙarshen shekara a cikinsa shi ake bari ya zauna jarrabawar wata jami'a da ke ɗaukar nauyin karatun injiniya. Wanda aka sauke sai ya koma ajin gama-gari, inda ake shafe zango guda ana auna kafet na ɗakin da babu shi. Hanya biyu ake sauke mutum: a koro shi sau uku, ko makinsa ya faɗi a jarrabawar tsakiyar shekara. Kakar Tavion, Mama Ozella, wadda ta raine shi tun yana rarrafe, ta riga ta shaida wa duk cocinmu cewa jikanta gada zai riƙa ginawa.

Wata safiya a farkon zango ya turo ƙofata, dogo siriri, jaka a kafaɗa ɗaya, ya tsaya yana kallon kujerun kamar wanda ya faɗa banɗakin mata bisa kuskure.

Na ce, "Pettway? Ɓatan hanya ka yi?"

"Koro ni aka yi."

"Wa ka doka?"

"Ba kowa."

"Wa ka zaga?"

"Cewa na yi 'haka ne'."

"Sai kuma me?"

"Sai malamar lissafi ta ci gaba da rubutu. Da ta kawo inda abin zai warware na ce 'yauwa, Malama, ƙarasa mana shi'. Sai ta ajiye alƙalami ta nuna min ƙofa."

Tun kafin ya gama na san abin da ya faru. A cocinmu na bakin layin dogo, inda uwata ta riƙa jana da kunne har na fara gemu, mai wa'azi ba ya tafiya shi kaɗai. Ya faɗa, a amsa masa. Idan ya taɓo gaskiya a ce haka ne, idan ya yi nawa a ce ɗora, idan ya fara ɓatan kai wata tsohuwa ta ce Allah ka taimake shi. Faston da ya hau mumbari aka yi masa shiru ya san lokacin haɗa kayansa ya yi. Tavion a benci na biyu ya girma, a gefen kakarsa. Malama Gadsden, wadda ta koyar da babban ajin har ta yi ritaya bara, ita ma 'yar irin wannan cocin ce, don haka da baki suke yin lissafi ita da shi. Ta rubuta layi, ya tare ta da na gaba. Idan ya kuskure ta ce ƙarya kake, sake. A haka ya shiga sahun gaba a ajin.

Wadda ta maye gurbinta, Malama Ostrander, daga can arewa ta zo, inda dusar ƙanƙara ke binne mota. Matashiya ce, farar fata, da kyakkyawar niyya cike da akwati. Na same ta a ɗakin malamai da rana tana cin ganye a roba.

Na ce, "Malama, yaron nan da kika koro, yabonki yake yi."

"Yabo? Ina tsakiyar bayani yana jefo min magana kamar muna filin ƙwallo. Sauran yaran har dariya suke."

"Bara ba sa dariya. Sun saba da shi. Sun ga kin firgita ne."

"Ni ba Malama Gadsden ba ce."

"Wannan kam duk mun lura."

Ta ajiye cokalin. "Malam Ransome, ƙato ne fa. Na juya ina rubutu a allo, sai in ji murya daga bayana. Gabana faɗuwa yake."

Tavion idan iska ta yi ƙarfi sai ya riƙe ƙarfen fitilar titi. Amma na daɗe da sanin cewa girman yaranmu ba a jikinsu ake auna shi ba.

Na ce, "A cocinsu haka ake nuna wa mai magana ana tare da shi."

"Na san da bambancin al'adu. Na yi kwas na musamman a kai."

"Da alama ranar da aka zo kan tamu ba ki da lafiya."

Daga wannan ranar ta daina gaishe ni, abin da ya rage min ɗawainiya.

Yaron ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi. Ya yi makonni yana cije leɓe. Sai wata rana Malama Ostrander, wadda a gaskiya ta iya lissafinta, ta ɗauko wata doguwar matsala da ta cika allo, ta bi ta sannu a hankali har komai ya soke juna ya bar lamba ɗaya tilo a ƙasa. Tavion ya bugi tebur da tafin hannu, ya miƙe tsaye, hannu ɗaya a sama, ido a rufe, kamar yadda kakarsa ke yi idan wa'azi ya ratsa ta. Malamar ta danna ƙararrawar kiran mai gadi. A bayanin da ta bayar ta ce ɗalibi ya taso mata da hannu a ɗage. Ba ta yi ƙarya ba, ko kalma ɗaya.

Aka ba shi mako guda cur a wurina. A wannan makon ne ajin ya shiga sabon babi, wanda duk sauran karatun shekarar a kansa yake zaune. Na aika a karɓo masa aiki, shiru. Na je da kaina, ta rubuta min lambobin shafi a guntuwar takarda ba tare da ta ɗago kai ba. Ya buɗe littafin ya zuba masa ido tun safe har aka kawo abincin rana, leɓɓansa suna motsi.

Na ce, "Ba magana, Pettway."

"Da littafi nake."

"Dokar ba ta ware littafi ba."

Ya juyo da shafin ya nuna min. "Yallaɓai gandiroba, ka iya wannan?"

"Ni a lissafi, inda haruffa suka fara shigowa nan na sauka."

"To mene ne amfaninka?"

"Ana biyana don kada ka gudu."

"Digiri biyu aka ce kana da shi."

"Ɗaya na kulle ƙofa, ɗaya na buɗewa."

Sauran samarin suka kwashe da dariya, na ƙara wa biyu daga cikinsu yini guda, don shi ma yana cikin aikina. Tavion bai yi dariya ba. Ya ture littafin gefe ya kalli bango.

Ranar da wa'adinsa ya cika aka kira Mama Ozella ofishin shugaban makaranta. Ta zo da hularta ta zuwa coci, mai faɗin faranti, ranar aiki, wanda duk ɗan garin nan ya san ba alamar zaman lafiya ba ce. Aka kira ni ma, don a irin wannan zaman ana son a ga baƙar fuska a ɓangaren hukuma, ko da yake shugaban namu, Dakta Whitlow, shi ma baƙi ne kamar ni. Digirinsa na dakta a fannin tafiyar da makarantu ne, kuma tun da ya samo shi yake magana kamar wanda ke karanto bayanin da ke jikin kwalin magani.

Ya fara da cewa makaranta tana ƙaunar Tavion. Ya ce ana sa ran kowane ɗalibi zai ba da gudummawa wajen samar da yanayin koyo mai aminci. Ya ce yana so Mama ta taimaka masa ya fahimci daga ina wannan ɗabi'a ta samo asali.

Mama Ozella ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ba ɗan Hattie Whitlow ba ne?"

"Ni ne, Mama."

"To ni za ka tambaya daga ina ta samo asali? Ranar jana'izar uwarka wa aka rirriƙe a benci na gaba yana tsalle yana cewa faɗa musu, Fasto? Takalminka ɗaya sai a ƙarƙashin akwatin gawa aka samo shi."

Ina wurin ranar, kuma ba a ƙarƙashin akwatin aka samo shi ba, a cikin furanni ne. Ban gyara mata ba.

Dakta Whitlow ya gyara zaman alƙalaman da ke kan teburinsa. "Mama, coci daban, makaranta daban. Duniyar da yaron nan zai shiga ba za ta amsa masa ba. Shirya shi muke yi."

"Ku shirya shi da lissafi mana. Shi na aiko shi ya koya."

Malama Ostrander ta ce ita ba ta da wata matsala da Tavion a matsayinsa na mutum, tana dai da haƙƙin ta ji tana cikin aminci a wurin aikinta.

Mama ta ce, "'Yata, yaron nan gizo-gizo ya gani a banɗaki sai ya kira ni. Amma na ji, Allah ya ƙara tsare ki." Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma Cleon, ɗinke maka baki aka yi? Ba ni na riƙa share maka majina a makarantar Lahadi ba?"

Na yi bayani. Na ce yaron da baki yake tunani, idan ya faɗi mataki na gaba aka ce masa e ko a'a, a nan yake koyo. Na ce a ba shi kujerar gaba inda malama za ta riƙa ganinsa, a bar shi ya amsa a hankali. Dakta Whitlow ya gode min da wannan muhimmiyar gudummawa, ya ce za a duba ta a lokacin da ya dace. Daga nan ya faɗi hukuncin da ya riga ya yanke tun kafin mu shigo: Tavion zai koma aji, a kujerar baya ta kusa da ƙofa. Ba zai yi magana ba sai ya ɗaga hannu an ba shi izini. Kora ɗaya ta rage masa.

Mama Ozella ta dubi jikanta. Na ga tana auna gadar da ta yi wa coci alkawari da abin da ke cinta a rai, kuma gadar ta fi nauyi.

Ta ce, "Ka ji dai. Shiru suke so, ka ba su. Ka kulle bakinka har ka karɓi takardarka. In ka gina gadar ka hau kanta ka yi ihu."

"Kaka..."

"Na gama magana."

Tavion yaro ne mai bin umarnin kakarsa. Ya ba su shirun, cikakke, ba ragi. Malama Ostrander ta fara murmushi a baranda, har ta kusa gaishe ni sau ɗaya. Yaran ajin sun ce da farko yakan ɗaga hannu, ta ce a ajiye tambayoyi sai ƙarshen darasi, ƙarshen darasi kuma ƙararrawa ce. Daga baya ya daina wahalar da hannun.

Wata Asabar da rana na gamu da shi a filin coci, inda mata ke sayar da soyayyen kifi da burodin masara don gyaran rufi. Ni kifin ke kai ni, ba rufin ba. Yana ɗauke da kwalin lemo.

Na ce, "Pettway, kwana biyu ba ka ziyarce mu ba. Samari suna tambayarka."

"Ka ce musu na shiryu."

"Ya lissafin?"

Ya ajiye kwalin. "Ka san yadda abin yake? Tana rubutu, amsar sai ta taho har nan." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Sai in tsaya ina danne ta. Kafin in gama dannewa ta yi layi uku gaba. Kuma ban san ko amsar da na haɗiye daidai ce ko ba daidai ba ce, don ba wanda ya ji ta balle ya ce min ƙarya kake."

"Ka same ta bayan an tashi."

"Na je. Ta ce ba ta zama da ɗalibi namiji ita kaɗai, sai da wani malami a wurin. Wane malami ne zai zauna?"

"Ni zan zauna."

"Ta ce ban da kai."

Na ciji kifina. Ya ci gaba, "Babin da suka yi ina wurinka, har yau ban kama shi ba. Komai kuma a kansa ake ɗorawa. Kai dai ka ba ni wasan nemo kalmomi, na gode."

"Ka cinye shi kuwa da sauri, ban taɓa ganin irinka ba."

"Allah ya ƙara girma, gandiroba." Ya ɗauki kwalinsa ya wuce.

Jarrabawar tsakiyar shekara ta zo, makinsa ya faɗi ƙasa da abin da ake bukata. Ba da yawa ba, amma doka ba ta san kaɗan ba. Aka sauke shi zuwa ajin kafet. Babban ajin lissafi ya koma yadda aka san shi shekara da shekaru, ba namiji baƙi ko ɗaya, kuma ba wanda zai ce an kori kowa. Yaron ne bai iya ba, ga maki nan.

A makon ne kuma kwamitin ladabtarwa ya zauna zaɓen waɗanda za a karrama a taron iyaye. Akwai kyautar ɗalibin da ya fi kowa gyara halinsa. Malama Ostrander ce ta kawo sunan Tavion, idonta har da ƙwalla. Ta ce ba ta taɓa ganin yaro ya sauya haka ba, kuma hakan ya nuna idan aka kafa iyaka cikin ƙauna, yara suna amsawa. Na ce ai matsalar ita ce ya daina amsawa. Dakta Whitlow ya gode min da gudummawata. Aka kaɗa ƙuri'a, kowa ya ɗaga hannu, ni na duƙa ɗaure igiyar takalmi.

Ni aka aika in kai wa Mama Ozella goron gayyata, tunda ni ne masanin al'adunsu. Na same ta a baranda tana gyaran ganyen miya. Ta saurare ni har na gama, wuƙa a hannu.

"Sun cire shi daga ajin, kuma za su ba shi kyauta."

"Haka ne, Mama."

"Kyautar me?"

"Ta yin shiru."

Ta yanke gindin wani ganye ta jefa a kwano. "Ka ce wa ɗan Hattie za mu zo. Dukkanmu."

Na shirya wa tashin hankali. Har na gaya wa mai gadi ya tsaya kusa da ƙofa, ba don kare kowa ba, don kada ya rasa abin kallo.

Ranar taron, zauren wasanni ya cika. Iyayen 'yan babban aji suna gefe guda da kyamarorinsu. Can sai ga jama'ar cocin bakin layin dogo sun shigo a jere: tsofaffin mata da hulunansu, dattawa da kwat ɗinsu na Lahadi, 'yan ƙungiyar mawaƙa, har Fasto da sandarsa. Suka cika layukan gaba gaba ɗaya, suka zauna, suka ɗora hannu a cinya. Mama Ozella tana tsakiya.

Dakta Whitlow ya hau dandamali da jawabinsa a rubuce. Ya fara karantawa da muryar kwalin magani. Amma mutum ba ya tsayawa gaban huluna irin waɗannan jikinsa bai tuna ba. Kafin ya gama shafin farko muryar ta fara hawa da sauka. Ya ajiye takardar. Ya riƙe gefen teburin da hannu biyu. Ya ce akwai yaron da ya ɓata, amma an samo shi. Sai ya dakata, daidai inda ake dakatawa, ya bar gurbin da ake barin wa jama'a.

Ba wanda ya cike gurbin.

Ya ce akwai yaron da aka ce ba zai gyaru ba, amma ga shi ya gyaru. Ya sake dakatawa. Ana jin ƙarar injin sanyaya ɗaki. Wata tsohuwa da na san ba ta taɓa barin ko sanarwar ranar shara ta wuce ba ta ce amin ba, ta zuba masa ido kamar tana kallon bangon asibiti. Ya ƙara ɗaga murya, ya tambaya ko akwai mai shaida a wurin nan. Fasto ya duba farcensa.

Gumi ya keto wa Dakta Whitlow ta wuyan riga. Ya san abin da ake yi masa, don a cikinsa aka haife shi. Ya lalubo takardarsa, ya rasa inda ya tsaya, ya tsallake zuwa ƙarshe ya kira sunan Tavion Pettway.

Iyayen da ke gefe suka fara tafi. Da suka ga layukan gaba ba su motsa ba, tafin ya yi ta raguwa har ya rage wani mutum ɗaya, shi ma matarsa ta riƙe masa hannu. Tavion ya hau a hankali, sanye da farar rigar da kakarsa ta goge. Ya karɓi takardar yabon. Dakta Whitlow ya miƙa masa abin magana, ya ce ko gwarzonmu yana da abin da zai faɗa wa 'yan uwansa ɗalibai.

Tavion ya ɗaga hannu sama, kamar mai neman izini a aji, ya tsaya a haka yana kallonsa.

Dakta Whitlow ya ce, "Ka yi magana mana, ɗana."

Yaron ya sauke hannun, ya juya ya sauka. Mama Ozella ta miƙe, jama'ar cocin suka miƙe, suka fita a jere yadda suka shigo, ba ko tari. A bakin ƙofa ta karɓi takardar daga hannun jikanta, ta naɗe ta biyu ta yi fifita da ita.

Ina tattara kujeru Malama Ostrander ta zo ta tsaya kusa da ni. Karon farko ke nan da ta yi min magana tun ranar da na same ta tana cin ganye.

Ta ce, "Ka gani ko, Malam Ransome? Har iyayen. Na ji ana cewa suna da hayaniya, amma ban taɓa ganin taro mai ladabi irin wannan ba."

Na ce, "Ke kika koya musu, Malama."

Ta ce haba, aikin haɗin gwiwa ne.

Dakta Whitlow bai fito daga ofis ba sai da kowa ya watse. Bai mayar da Tavion babban aji ba, don doka doka ce, kuma a rahoton ƙarshen zango an rubuta cewa korar ɗalibai daga wannan ajin ta ragu ƙwarai.

Ba a yi wata guda ba, wata safiya aka turo ƙofata. Dogo siriri, wannan karon ba jaka. Bai tsaya kallon kujeru ba, ya wuce kai tsaye ya zauna a ta kusa da bango.

Na ce, "Pettway. Me kuma ka ce?"

Bai tanka ba. Wani yaro da aka sa ya rako shi ne ya ba ni labari: malamin ajin gama-gari ya tambaye shi faɗin kafet, ya maimaita, ya sake maimaitawa, Tavion yana kallonsa. Malamin ya ce wannan taurin kai ne da raina na gaba.

Na buɗe aljihun tebur na zaro masa takardar wasan nemo kalmomi. Ya karɓa, ya miƙo hannu a ba shi fensir.